Tambayar Da Na Ji Nauyin Yi Wa Mahaifina

Mai karatu, idan wani naka ya kwanta da amai da gudawa, na san tambayar da za ka riƙa yi safe da yamma, domin ni ma ita na yi ta yi: "Gudawar ta tsaya?" Ita maƙwabta ke yi daga bakin zaure, ita dangi ke yi ta waya, kuma ranar da aka ce ta tsaya sai kowa ya yi hamdala ya koma harkarsa. Akwai wata tambaya ta biyu da ba a cika yi ba, musamman idan majinyacin babba ne mai furfura wanda ake jin nauyinsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san wannan tambaya tun ina makaranta, na kuma yi wa baƙi ita sau ba adadi a bakin gadon asibiti. Amma da abin ya zo kan mahaifina, kwana uku ina kiran gida bakina bai iya furta ta ba. Wannan shirun ya kusa raba mu da shi, ya kuma bar masa tabon da har yau muke lallaɓawa.

A daminar 2021 ne, shekarar da kwalara ta ratsa Arewa. Alƙaluman hukumar NCDC sun nuna cewa fiye da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki. Ni a lokacin ina ɗakin masu kwalara a birni, kwana da yini, ba halin zuwa gida. Baba kuwa yana ƙauye, shekararsa 68, manomin rani ne na albasa da tumatir. Ya yi kusan shekara goma da hawan jini, kullum bayan sallar asuba yana shan lisinopril da wata ƙwaya mai sa fitsari. Yana kuma fama da gwiwa, don haka diclofenac ba ya rabuwa da aljihun rigarsa, kamar goro.

Daren Alhamis cikinsa ya ɓaci. Gwaji ya nuna daga baya ba kwalara ba ce, gudawa ce irin wadda damina ke kawowa idan ruwan masai ya sami hanyar shiga rijiya. Ya ƙi shan ruwa. Ya ce da Inna duk abin da ya sha fita yake yi, don me zai ƙara wa wuta itace? Akwai kuma abin da bai faɗa ba amma kowa ya gane: ba ya son ya riƙa giftawa ta gaban surukansa yana zaryar kewaye. Maganin hawan jininsa bai tsallake ko sau ɗaya ba, domin ni da kaina na sha yi masa magiya kada ya kuskura ya yi wasa da shi. Da jiki ya ɗauki ciwo, ya ninka diclofenac. Aka aika kemis aka karɓo ƙwayar tsayar da gudawa.

Ranar Lahadi da hantsi na kira. Muryar Inna cike da murna ta ce, "Alhamdu lillahi, ya tsaya cak. Tun jiya da la'asar ko kewaye bai zaga ba. Butarsa ma tana nan cike yadda na ajiye ta." Na yi hamdala, na kashe waya, na koma aiki. Ina tsugune ina auna fitsarin wani majinyaci zan rubuta a takardarsa, sai butar nan ta faɗo mini a rai. Buta cike tun jiya da la'asar? Na fita da sauri na sake kira. Na ce, "Inna, bawali fa?" Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ke 'yar nan, ni zan tambayi Malam wannan?" Ƙanena aka tura ya tambayo. Ya dawo ya ce rabon Baba da fitsari tun daren Juma'a, shi ma ɗan kaɗan, launinsa kamar baƙin shayi. Ya ƙara da cewa Baba yana ta shaƙuwa, barci kuma ya yi masa yawa. Na ce a nemo mota yanzu yanzu.

Bari in dakata a nan in gaya maka abin da ke gudana a cikin jikinsa a waɗannan kwanaki. Ƙoda biyu ce a jikin mutum, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinsu yake bi. A cikin kowace akwai 'yan ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kwana guda suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini, wato jarka bakwai mai cin lita 25 har da ɗori, sa'an nan su mayar wa jiki kusan dukansa, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu kacal ɗauke da dattin da jiki ba ya so. Wannan shi ne fitsari. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai jini na zuwa da yawa, da ƙarfi. To, ruwan da mai gudawa ke zubarwa daga jini ake ciro shi. Mai kwalara mai tsanani yana iya zubar da lita guda a sa'a ɗaya. Gudawar da ba ta kai haka ba takan yi irin wannan ɓarna a hankali, cikin kwana biyu ko uku, muddin ba a mayar da abin da ya fita ba.

Idan jini ya ragu, jiki yakan yi rabon gaggawa. Ƙwaƙwalwa da zuciya ke gaba, ƙoda sai ta yi haƙuri. A matakin farko lafiyarta lau, tsimi kawai take yi: ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu ya yi duhu. A wannan gaɓa 'yan kofunan ruwan gishiri da sukari sun isa su warware komai. Amma idan sa'o'i suka zama kwanaki, ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe a cikin 'yan bututun matatan sai su fara mutuwa don yunwar jini, su ɓantale su toshe hanya. Daga nan ko leda goma ta ruwa aka ƙara wa mutum, fitsari ba zai zo nan take ba. Da Baba ya farfaɗo yana tambayata me ya same shi, da injin ban ruwansa na yi masa misali. Na ce, "Baba, idan rijiyar lambu ta ja baya ka lura da wuri ka zuba ruwa a injin, sai ya ci gaba da aiki. Idan kuwa aka bar shi yana juyawa a bushe?" Ya ce, "Ai ƙonewa zai yi." Bai sake tambaya ba.

Sai maganar magunguna, kuma a nan ne nawa laifin yake. Ƙoda tana da dabarun kare kanta guda biyu idan jini ya yi ƙaranci: tana buɗe jijiyar da ke shigo da jini cikin matata, tana kuma matse wadda ke fita da shi, don ƙarfin tacewa ya ɗore. Diclofenac da 'yan'uwansa, irin su ibuprofen da piroxicam, suna hana dabara ta farko. Lisinopril da danginsa, da losartan da nasa dangin, suna hana ta biyu. Ƙwayar fitsari kuma tana kwashe ɗan ruwan da ya rage. Baba ya haɗa ukun a kan jikin da ya bushe. Kada ka fahimce ni a baibai: maganin hawan jini abu ne mai kyau, a ranakun lafiya ma shi ke kare ƙodar daga ɓarnar hawan jinin. Abin da na kasa koya wa Baba shi ne cewa ranar amai da gudawa mai tsanani ba kamar sauran ranaku take ba. A irin wannan rana mai shan waɗannan magunguna ya tuntuɓi likitansa tun ranar, domin sau da yawa akan dakatar da su har sai mutum ya yi kwana ɗaya ko biyu yana ci yana sha kamar da. Haka metformin na masu ciwon sukari, wanda kan taru a jini idan ƙoda ta yi rauni. Allurar insulin ita ba a barinta sai da izinin likita. Ciwon jiki kuwa, farasitamol ya wadatar. Ka kuma yi hattara da allurar gentamicin da wasu ke dannawa mai gudawa a kemis ba tare da gwaji ba. Magani ce mai amfani a inda ya dace, amma tana da tsanani ga ƙodar da ba ta samun jini.

Na tarye su a asibiti da yamma. Aka sa masa robar fitsari, abin da ya fito bai cika rabin kofin shayi ba. Gwajin jini ya nuna kiriyatinin, wato dattin da ake auna aikin ƙoda da shi, ya ninka na mai lafiya kusan sau bakwai. Sinadarin fotasiyam ma ya hau, wanda idan ya yi yawa yana iya tsayar da zuciya ba sallama. Shaƙuwar nan da barcin da ake ɗauka hutun mai jin sauƙi ne, ashe datti ne ya taru a jini. Aka yi kwana biyu ana ƙara masa ruwa a hankali ana aunawa, fitsari bai zo ba, ƙafafu suka fara kumbura, numfashi ya fara nauyi. Likita ya ce sai wankin ƙoda. Sau uku aka yi. Shanun noman Baba guda biyu a nan suka tafi, a tsakiyar damina, alhali kuɗin wanki ɗaya ya isa a saya wa unguwarmu duka ledojin gishiri da sukari. A rana ta goma sha ɗaya da asuba na duba ledar da ke rataye a gefen gado na ga ta fara taruwa. Ban taɓa zaton zan yi kuka don ganin fitsari ba. Daga nan kuma ya ɓalle, lita uku, lita huɗu a rana, har sai da aka koma bin sa da ruwa kada ya sake bushewa, domin ƙodar da ta farfaɗo takan ɗauki kwanaki kafin ta sake koyon riƙewa.

Ka lura da abin da ya faru a kwana biyun nan na ƙarin ruwa, domin akwai tarko a ciki. Ruwa magani ne kafin ƙoda ta tsaya. Bayan ta tsaya, ɗura wa mutum ruwa ba aunawa yana iya cika masa huhu. Ayaba da lemon zaƙi da ruwan kwakwa, waɗanda ke da amfani ga mai gudawa saboda fotasiyam ɗin da ke cikinsu, suna zama haɗari ga wanda fitsarinsa ya ɗauke. Saboda haka idan majinyaci yana sha amma fitsari ya ƙi zuwa, aikin gida ya ƙare, saura asibiti da gwajin jini. A tsofaffi maza akwai kuma wani abu dabam da ke kama da wannan: fitsarin yana nan amma ya toshe a mafitsara, mara ta kumbura tana ciwo. Shi ma na asibiti ne, sai dai robar fitsari takan warware shi nan take.

Abin da zai hana a kai ga duk wannan yana da arha har ana raina shi. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan duro, dangin majinyata da kansu suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Shi ne asalin karɓuwar ledar ORS da kake gani a kemis. Ka karanta jikin ledar ka ga yawan ruwan da take ɗauka. Mafi yawa lita ɗaya ce, wato ledar ruwan sha ta rabin lita guda biyu. Idan babu ita, ka sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ka zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi a shafe. Ka ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Abin da ya kwana ya yini a zubar a dama sabo. Bayan kowace gudawa, yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa cikakke, babba kuwa ya sha iya abin da cikinsa zai ɗauka. Idan aka yi amai a jira minti goma a ci gaba da cokali, sannu sannu. Mai shan nono kada a cire shi, yara kuma a haɗa musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan. Sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan.

Yaya za ka san abin da kake bayarwa ya isa? Fitsari ne ma'aunin. Idan yana zuwa, launinsa na washewa, kana kan hanya. Jaririn da ya yi sa'a shida bai jiƙa ƙyallensa ba, ko yaro ko babba da ya yi sa'a takwas, wato kamar daga asuba zuwa azahar, ba fitsari, a tafi asibiti. A jariri sai an sa ido sosai, domin gudawa mai ruwa takan jiƙa ƙyalle uwa ta ɗauka fitsari ne. A duba maɗiga ko ta faɗa, da idanu, da ko yana kuka ba hawaye. Tsoho, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ciki, da wanda dama ƙodarsa ke da rauni, waɗannan ba a jiran sa'a takwas ta cika.

Akwai wata hanya ta biyu da ciwon ciki ke kai wa ƙoda hari, wadda ba ruwanta da bushewar jiki, kuma yara ƙanana ta fi kamawa. Na tuna wata yarinya 'yar shekara uku da aka kawo mana. Ta yi atini, bayan gida da jini, uwar ta ba ta ruwan gishiri da sukari yadda ya kamata, ta sami sauƙi har ta fara wasa. Bayan kamar mako guda sai ta yi fari fat, fatar idanunta ta kumbura, ta daina fitsari. Wasu nau'o'in ƙwayar cutar E. coli, da wani nau'in Shigella mai kawo atini, suna fitar da guba da ke ratsa hanji ta shiga jini, ta raunata ƙananan jijiyoyin da ke cikin ƙoda. Jini ya riƙa daskarewa a cikinsu, jajayen ƙwayoyin jini suna farfashewa wajen wucewa. Shi ya sa yaro ke yin fari ga kuma ƙoda ta tsaya. Abin yakan bayyana kwana biyar zuwa goma bayan fara gudawar, daidai lokacin da iyaye suka saki jiki.

Irin wannan E. coli a hanjin shanu take zama ba ta cutar da su, ta iso ga mutum ta naman da bai dahu ba, ko madarar da ba a tafasa ba, ko ruwa da ganyen da kashin shanu ya taɓa. Ba cutar talaka kaɗai ba ce. A 2011 ta ɓarke a arewacin Jamus, fiye da mutum 800 suka sami wannan matsala ta ƙoda, fiye da 50 suka rasu, akasarinsu ma manya. Da farko aka ɗora laifin a kan kokwambar Sifen, daga baya bincike ya kai ga ɗanyen tsiron hulba da aka shuka daga irin da ya gurɓata. Hulbar ba ta yi laifi ba, ƙwayar cutar da ta maƙale a irin ce. Abin da nake so ka riƙe shi ne: bayan gida da jini ba na kemis ba ne. Ƙwayar tsayar da gudawa tana riƙe gubar a ciki, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma suna iya sa a ƙara sakin gubar idan irin wannan E. coli ce, don haka likita ne zai zaɓi wanda za a ba da wanda za a hana. Bayan an warke kuma, a ci gaba da duban fitsarin yaron da tafin hannunsa da cikin idonsa har mako biyu. Yarinyar nan ta rayu, bayan ƙarin jini da kwanaki masu tsawo a gado.

Baba ya dawo gida bayan mako uku. Yawancin masu irin wannan ciwo ƙodarsu kan farfaɗo, amma ba kowa take komawa yadda take ba, musamman tsofaffi. Tasa ta tsaya a kusan rabin ƙarfinta. Duk wata uku muna zuwa gwajin jini da na fitsari, an sake masa tsarin maganin hawan jini, diclofenac kuma ya bar aljihunsa har abada, gwiwa sai man shafawa da sanda. Inna ta ware wani kwano a cikin jerenta ta cika shi da ledojin ORS, ba mai taɓawa.

Har yanzu ba na iya ce wa mahaifina "ka yi fitsari?" Harshena ba ya juyawa, kuma na daina ganin laifin kaina a kan haka. Kai ma idan naka ba ya juyawa, ka aiki wanda zai iya, ko ka duba buta, ko ka tambaya a kaikaice yadda muka saba tambayar abubuwa masu nauyi. Mu dai mun sami tamu hanyar. Watan jiya Inna ta kira ta ce cikin Malam ya ɗan motsa. Na ce ta ba shi wayar. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, injin yana jan ruwa?" Ya yi dariya ya ce, "Yana ja. Sau uku tun asuba, kuma fari tas. Ga kofin a hannuna ma, uwarki ta tsare ni sai na shanye."